Riyalin da Aka Huda a Sawakin

Wad Madani, ƙasar Sudan
Watan Rajab, 1368

Zuwa ga Kawuna Alhaji Sabo, unguwar Jarwal, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan takardar nan ta same ka a kan ƙafafunka. Yaya gwiwar? Alhazan da suka dawo sun ce har yanzu kai kake kai garewanin ruwa shagunan masu canji, wai yaran yanzu rabi suke zubarwa a hanya. Don Allah Kawu ka huta haka nan. Mu nan lafiya ƙalau. Mukhtaru maigidana ya gama da auduga, an samu daidai gwargwado, sai tari da ya ɗan dame shi.

Bayan gaisuwa, albishir nake kawo maka. Jikarka Rumasa'u ta samu miji. Sunansa Abdulganiyyu, tela ne a kasuwa, ɗan mutanenmu ne da suka zo ta Chadi. Ita ta ce shi take so, mu kuma muka bincika ba mu ga aibu ba. An sa biki a ƙarshen watan ƙaramar Sallah.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ka tuna riyalin nan na Inna Asiya, ƙanwarka, Allah ya ji ƙanta, mai huda a gefe, mai hoton mace zaune a fuska ɗaya da mikiya a ɗaya fuskar. Shi ne wanda maƙwabciyarmu Hajiya Ummulkhairi ta gani ranar da aka buɗe akwatin Inna bayan rasuwarta, sannan da ta je Hajji ka nuna mata irinsa ta gane, har muka san muna da kawu a duniya. Ina so in kai shi wurin maƙerin azurfa a yi wa amarya mundaye. Ka san al'adarmu a nan, ba a kai yarinya ɗakinta hannu babu azurfar gidansu.

Maƙerin ya ɗaga shi a tafinsa ya ce azurfar mai kyau ce, amma ɗaya ba zai fitar da mundaye biyu ba. Hajiya Ummulkhairi kuwa ta ce kana da irinsu cike da gwangwanin shayi, ba ka kashewa, ba ka sayarwa, sai dai ka shimfiɗa su a tabarma kana kallo. Shi ne na ce bari in roƙi Kawu ya taimaka wa jikarsa da biyu, a haɗa da na Inna, sai ya zama azurfar kaka da ta kakanta ce a hannunta.

Rumasa'u tana gaishe ka, ta ce kada ka yi kishi.

'Yarka,
Rakiya

*

Makka, Jarwal
Watan Sha'aban, 1368

Daga Sabo ɗan Ja'afaru zuwa ga 'yata Rakiya. Maƙwabcina Malam Wada ne ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa, kuma na gaya masa kada ya gyara mini magana.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, an karanta mini ita sau biyu. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba. Wanda ya ce miki na tsufa ki tambaye shi ko ya taɓa hawa tudun Jarwal da garwa biyu a kafaɗa. Zafi ya sauka a Makka sosai, amma alhamdu lillahi. Ki ce wa Mukhtaru ya sha zuma da citta, ya daina tsayawa cikin ƙurar auduga baki buɗe.

Rumasa'u kuma ki ce mata na ji cin amanar da ta yi mini. Ina nan zaune ina jiran matata, ashe ta bi mai allura. To ta je, in ya ɗinke mata baki kada ta kawo mini ƙara. Allah ya sanya albarka, ya ba su zaman lafiya, ya sa gidan ya cika da yara.

Yanzu maganar riyali. Kada a kai shi wurin maƙeri. Ban ce a dakata ba, cewa na yi kada. Halas, magana ta ƙare.

Nawa kuma ba na wuta ba ne. Ummulkhairi ta ga gwangwani, ba ta ga abin da ke ciki ba. Duk kuɗin Amurka ne, na da, waɗanda ko a can ban san ko suna yawo ba yanzu. Ni ban iya karanta rubutun da ke jikinsu ba, amma kowanne na san shi kamar yadda na san maƙwabtana. Akwai mai zaune, irin na uwarki, ita ce babba. Akwai mai kumatu da hula. Akwai mai tsinkaye a ka kamar rana ta fito mata ta ƙeya. Akwai ƙarama mai tafiya da dogon zane, kullum tana sauri ban san inda za ta ba. Akwai mai guduma da dutse yana hayaƙi a bayanta, wannan alhazan tsibirai ne ke zuwa da ita. Duk mai canji daga Safa zuwa Marwa ya san in kuɗi mai mikiya ya faɗo masa, na Sabo ne. Abu Nisir suke ce mini, wato mai mikiya. Wani ɗan Jidda ya zo bara ya ce akwai Nasaran kamfanin mai da ke neman tsofaffin nan da tsada. Na ba shi shayi na raka shi bakin hanya. Wanda ban ba wa mai tsada ba, maƙeri zan ba wa?

In mundaye ake so, kasuwar Madani ba ta rasa riyalin Faransa mai ƙatuwar macen nan, shi kowa yake narkarwa. Zan aiko wa amarya zamzam da turare da yadin Hindiya.

Dalilina ba na takarda ba ne. Ranar da Allah ya kawo ki Hajji za ki zauna a tabarmar nan in gaya miki baki da baki. Irin wannan magana ba a ɗora wa takarda ita.

Kawunki,
Sabo

Daga mai rubutu: Malama Rakiya, na rubuta yadda ya faɗa. Na ce ya ɗan sassauta, ya ce in riƙe alƙalamina in bar masa bakinsa. Ina taya ku murna. Wada.

*

Wad Madani
Farkon watan Azumi, 1368

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Tarin Mukhtaru ya lafa, ya ce a gode maka, zumar ta yi aiki. Ina gaida Malam Wada.

Takardarka ta zo. Na karanta ta a tsakar gida don Rumasa'u ta ji, muna ta dariyar maganar mai allura, sai na kai ƙasa na naɗe ta. Ta ce Inna ƙarasa mana, na ce sauran addu'a ce.

Kawu, ka yafe mini in na yi rashin kunya, amma sai na faɗa. Ban roƙe ka don ba mu da abin sayen azurfa ba. Na roƙe ka ne don yarinyar nan ba ta da kowa ta wajen uwata sai kai. Dangin ubanta sun cika gari, kowa ya kawo abinsa, ni kuwa in an ce ina naku sai in nuna gabas in ce yana Makka. Na so in ɗaga hannunta a gaban mata in ce wannan daga kakanta ne. Ka lissafa mini matan da ke jikin kuɗinka ɗaya bayan ɗaya, da mai hula da mai guduma, ka san kowacce. Jikarka kuwa ko fuskarta ba ka sani ba, amma su ka zaɓa. To naka naka ne, na janye roƙona, ba zan sake ba.

Na Inna kuwa, Kawu, ba ni na ƙirƙiro ba. Ita ta faɗa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin riyalin nan a jikinta ba, yana ƙasan akwati a ƙulle cikin tsumma. A ciwonta na ƙarshe ta sa na ɗauko mata shi, ta juya shi ta ce, “Wannan shi aka bar ni da shi a bakin teku. In Rumasa'u ta tashi aure ku kai wa maƙeri, ya zama abin amfani.” Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da muka tashi muka ji shi ne, ubanta da wanta sun hau jirgi a Sawakin sun bar ta da uwarta mara lafiya, uwar ta rasu, mutanen ayari suka riƙe ta. Ban faɗa don in ɓata maka rai ba. Ban taɓa tambayarka ba tun da muka fara rubutu, don na ga kai ma ba ka son taɓa wurin.

Ka ce dalilinka sai na zo Hajji. Kawu, yaushe? Mu masu noman auduga, shekara nawa za mu yi muna tari? Biki kuwa ga shi a ƙofa. Maganar uwata na ji da kunnena, taka kuwa ka ƙulle ta ka ce sai wata rana. Zan jira har bayan Sallah da sati biyu. In ban ji komai ba zan cika mata wasiyyarta, a yi munduwa ɗaya, ta isa.

Duk da haka kai ne Kawuna, ba ni da wani. Ka sa mu a addu'a a gaban Ɗaki.

Rakiya

*

Makka
Ƙarshen watan Azumi, 1368

'Yata Rakiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, azumi ya zo ƙarshe, Allah ya maimaita mana. Ba zan tsawaita gaisuwa ba yau.

Da Wada ya karanta mini maganar Asiya sai na ce ya sake. Ya sake. Na ce ya tashi ya tafi gidansa, sai yau na sake kiransa. “Shi aka bar ni da shi.” Ashe haka ƙanwata ta ɗauka har ta koma ga Allah, cewa mun ajiye mata kuɗi mun juya baya. To tunda haka ne, takarda ta ɗauka ko ba ta iya ba. Wada, rubuta.

Mun fito daga ƙasar Hausa ina yaro, a ƙafa, muna tafe muna tsayawa muna noma wa mutane. A hanya aka haifi Asiya. Da muka iso Sawakin ina ɗan saurayi, ita kuwa ba ta wuce a ɗauke ta a kafaɗa ba. Lokacin ba a gina Bur Sudan ba, duk jirgi a Sawakin yake tsayawa. Babanmu Ja'afaru ya yi dako a wani jirgi da ya fito daga gabas, mai jirgin ya sallame shi da riyali biyu irin wanda ba a sani ba. Ya kai kasuwa, kowa ya juya ya ce ba mu san wannan macen ba, kawo mai ƙiba. Baba ya dawo yana dariya, ya ce wa Innarmu Maryama, tunda kasuwa ta ƙi su, yara sun samu.

Ki ɗauko riyalin ki duba da kyau. Macen nan a kan ƙunshin kaya take zaune, teku a gabanta, ta miƙa hannu da reshe. Baba ya ce, kun ga Innarku ce wannan, tana zaune a kan kayanmu tana jiran mu dawo. Don a lokacin Inna ta kwanta, zazzaɓi ya hana ta tashi, ga lokacin Hajji ya matso, ga jirgin da zai ɗauki talakawa irinmu ba ya jira. Ita da bakinta ta ce ya tafi, kada shekarun tafiya su tafi a banza bayan an zo bakin ƙofa. Aka shirya mu biyu mu haye, mu sauke farali, mu dawo a jirgin farko.

Ranar tafiya Baba ya tsinci ƙusar jirgi a bakin ruwa, irin mai kusurwa huɗu. Ya ɗora riyalan a kan dutse ya huda su ɗaya bayan ɗaya, ya yanki igiyar fata daga jakarsa ya raba biyu. Ya rataya mini ɗaya, ya rataya wa Asiya ɗaya. Ya ce in ma Allah ya sa kun girma ba ku ga juna ba, babu mai irin wannan a duk ƙasar nan sai ku biyu. Asiya ta sa nata a baki tana tsotsa. Da aka ɗaga ni cikin jirgi ta yi ta miƙo hannu a ɗauke ta. Wannan shi ne ganina da ita.

Zazzaɓin Inna ashe ya bi Baba. A cikin jirgi ya kama shi. Mun sauka Jidda da shi a kafaɗun mutane, bai kwana biyu ba ya cika. Ba ni da kowa, ba ni da komai sai abin da ke wuyana. Mai sayar da likkafani Bahindi ne, ya san kuɗin, ya karɓa. Da nawa riyalin aka suturta kakanki. Bai ga Ka'aba ba, ni na yi masa Hajjinsa daga baya.

Kafin in samu wanda zai kai saƙo Sawakin shekara ta juyo, aka ce matar ta rasu, mutanen ayari sun tafi da yarinyar, wasu suka ce Kasala, wasu suka ce bakin Nilu. Yaro ne ni, a hannun mutane nake, ruwa nake ɗauka in ci. Da na fara samun na kaina, ranar da na ga mai zaune a teburin wani mai canji sai na ɗauke ta ina duba gefenta. Ba nawa ba ne, babu huda. Na yi masa aikin ruwa har ya ba ni. Tun daga nan duk Hajji sai in bi masaukin Takari da suka zo ta Sudan, in buɗe tafina in ce, kun ga mace da irin wannan a wuya? Ni ban iya rubuta suna in manna a bango ba. Abin da nake da shi ke nan na tambaya. Masu canji suka ga ina son mai mikiya, suka riƙa ajiye mini duk wanda ya zo, ni kuma ba na iya cewa a'a, don kowanne sai na duba gefensa ko nawa ne ya dawo. Haka gwangwanin ya cika. Shekara kusan hamsin ina buɗe tafi, sai ga Ummulkhairi ta ce, na gani, amma mai shi ta rasu.

Kin ce na zaɓi matan kuɗi na bar jikata. Ɗayyib, na ji. Ga gwangwanin nan gaba ɗaya na aiko, da mai hula da mai guduma da mai saurin tafiya, har da mai zaunen da na yi tambaya da ita. A narkar da su duka, a yi wa matata mundaye tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, tela ya ga irin gidan da ya shiga. Guda ɗaya nake roƙo, wanda hannun Baba ya huda. Shi kaɗai ya rage a duniya da ya taɓa.

Wada ya ce a sa takardar a gidan waya ta riga kayan isa. Na ƙi. Wannan magana ba za ta shiga buhu da takardun 'yan kasuwa ba, a jefa ta nan a jefa ta can. Hannu da hannu za ta zo, tare da gwangwanin. Akwai Alhaji Isa mutumin Madani da ya zo Umarar azumi, na san ubansa, ya ce da an sauko Idi zai kama hanya.

Kawunki,
Sabo

Daga mai rubutu: Shekara talatin muna katanga ɗaya da shi, yau na fara jin wannan labari. Na sake roƙonsa kan gidan waya, ya miƙo hannu yana jiran in gama ya sa takardar a aljihu. Wada.

*

Wad Madani
Watan Muharram, 1369

Kawuna, Kawuna,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba. Lafiyarmu ƙalau, amarya tana ɗakinta lafiya. Allah ya sa kai ma haka.

Jiya Alhaji Isa ya yi sallama a ƙofarmu da gwangwani da takarda. Ya ce a yafe masa, da ya sauko Idi sai ya ga Hajji saura wata biyu, zuciyarsa ta ƙi barin Makka, ya zauna ya yi. Ya ce ya ɓoye maka ne don ya san halinka, in ya hango ka ta Safa sai ya bi ta Marwa. Shi bai san abin da ya ɗauko ba, ba zan iya ganin laifinsa ba.

Kawu, an narkar. Na jira sati biyun da na ce, na ƙara kwanaki a kai, kullum Mukhtaru yana leƙa gidan waya. Da na ji shiru sai na ce Kawu ya yi fushi ya yanke mu. Na kai wa maƙeri da hannuna, raina a ɓace. An yi munduwa ɗaya siririya, da ita Rumasa'u ta shiga ɗakinta.

Na karanta takardarka a zaune, na tashi na sake karanta ta a tsaye. Na aika aka kira Rumasa'u na karanta mata, wannan karon har ƙasa, ban naɗe komai ba. Ta cire munduwar tana juyawa tana neman macen da tekun, babu. Ta ce Inna me muka yi? Na tuna yadda na ce maka ka zaɓi kuɗi ka bar jikarka, ga kuma gwangwanin a gabana, ko buɗe shi na kasa. Da Inna Asiya ta ji wannan labari ko sau ɗaya a rayuwarta! Ka yafe mini, Kawu. Ka ce kada, na yi.

Amma ka saurara, akwai saura. Maƙeran nan suna da wata al'ada. In ka kawo musu azurfa, kafin su sa a wuta sai su yanki ɗan gefe su ba ka ka riƙe, don in an gama aiki ka gwada da shi ka tabbata ba a yi maka gauraye ba. Ni na ma manta da shi. Mukhtaru ne yana jin labarin ya tashi ya shiga ɗaki ya zazzage aljihun rigar da ya sa ranar. Sai ga shi. Kawu, ta wajen hudar maƙerin ya sa almakashinsa, don nan ya fi sauƙin kamawa. Ɗan yanki ne kamar farcen babban yatsa, da tauraro ɗaya, da hudar a tsakiyarsa, ba abin da ya same ta.

Na ɗinke shi a cikin ƙyalle na sa a takardar nan. Ta gidan waya na aiko, ka yi haƙuri, ba zan sake jiran mai zuwa Umara ba.

Gwangwaninka yana nan yadda ka ɗaure shi. Rumasa'u ta ce ko da wasa kada a kai su kusa da wuta. Ka faɗi yadda za a mayar maka.

'Yarka mai neman gafara,
Rakiya

*

Makka, Jarwal
Watan Safar, 1369

'Yata Rakiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya. Alhazai sun watse, gari ya koma namu, an fara samun sanyin safiya. Gwiwa ta ce a gaishe ki. Ki gaida Mukhtaru, ki ce masa daga yau ba suruki ba ne, ɗa ne, kuma kada ya bari a wanke masa riga ba a duba aljihu ba.

Ba zan ɓoye miki ba, da Wada ya kai wurin “an narkar” na ce ya tsaya. Ya ce akwai saura. Na ce ba na son saura. Ya ce ya shehu, shekara talatin ina bin maganarka, yau sai ka bi tawa, ya ci gaba da karatu da ƙarfi har maƙwabta suna leƙowa. Sannan ya warware ƙyallen ya sa mini a tafi.

Ba ki da laifin da zan yafe. Kin ji maganar uwarki kin bi, haka ake so 'ya ta yi. Isa kuwa Hajji ya tsaya yi, wa zai yi faɗa da mai Hajji? Amma ki ce masa na ji labarin Safa da Marwa, kuma zai dawo ya same ni.

Yanzu ki saurara, don akwai abin da ke cikin yankin nan da ba ki gani ba. Idona ya yi rauni, amma yatsana bai yi ba. Ƙusar Baba mai kusurwa huɗu ce, na gaya miki. Na shafa hudar, kusurwa biyu na ƙasa suna nan da kaifinsu kamar jiya aka yi. Na sama biyu babu su. Wurin ya zama kwana, ya yi santsi, ya ci har ya kusa fita gefe. Rakiya, na yi rayuwata a cikin masu azurfa. Igiya ce ke yin haka, kuma ba a shekara ɗaya ba, ba a biyar ba. Kuɗin da ke kwance a ƙasan akwati igiya ba ta cinsa. Uwarki ta sa shi a wuya tun tana tsotsarsa har ta girma, har ta yi aure, wataƙila har ta haife ki. Ba ta cire ba sai da ta ga ya kusa tsinkewa ya faɗi. Wanda ya tsani abu ba ya ƙulle shi a tsumma don kada ya ɓata.

Ban san abin da ke ranta ba ranar da ta ce a kai wa maƙeri, Allah ne ya sani. Amma na san ta jira mu. Kuma da ta tashi bayarwa, jikarta ta ba wa, a hannu, inda za a gani. To ya zauna a hannun. Ki ce wa Rumasa'u ta mayar da munduwarta ta daina kuka, azurfar ita ce dai, Baba ya taɓa ta, Asiya ta tsotse ta. In tela ya kuskura ya kai ta kasuwa, zan hau jirgi da gwiwar nan.

Gwangwani kuma kada ki mayar. Na tara su ne don tambaya, an ba ni amsa. Jiya wani mai canji ya kira ni, Abu Nisir, ga wata mai kumatu ta zo. Na karɓa na duba gefenta, don hannu ya saba, na mayar masa. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau.

Ga yadda za a yi da su. Duk 'yar da aka haifa a gidanki ko gidan 'ya'yanki, a ɗauki ɗaya a huda a rataya mata. Ba maƙeri zai huda ba, uban yarinyar ne, da ƙusa, a kan dutse. Kuma a gaya mata labarin Sawakin tun tana ƙarama, da baki, kada a ce sai ta girma, kada a ce sai an haɗu. Mai zaunen a ajiye wa 'yar fari ta Rumasa'u. In an rasa suna, akwai Asiya.

Yankin yana wuyana. Na sa masa zare mai laushi don kada ya ƙarasa cinyewa. Ranar Juma'a na shiga da shi Harami na yi ɗawafi, na ce Baba ga ka ga Ɗakin, Asiya ke ma ga ki.

Wada yana nan yana ta murmushi, wai sai na faɗa da bakina cewa ya fi ni gaskiya a kan gidan waya. Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Gobe da safe dai ni zan kai wannan takardar can da ƙafata, in ga buhun da za a sa ta.

Kawunki,
Sabo ɗan Ja'afaru